Darasin Lafiyar Gida: Ruɓewar Haƙoran Ƙananan Yara, Kuɗin Magani da Amfaninsa

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan haƙoran yara ya ke. Watakila wani zai ce, "Ina abin darasi a nan? Ai haƙorin yaro faɗuwa ya ke yi, wani ya fito." Haka yawancinmu mu ke tsammani. Amma duk uwar da ta taɓa kwana a zaune da yaro mai ciwon haƙori ta san maganar ba ƙarama ba ce. Domin wannan muna so mu duba abu uku tare. Na fari, abin da ke ruɓar da haƙori. Na biyu, irin magungunan da likitoci ke yi, da yadda kowanne ke aiki. Na uku, abin da kowanne ke ci na kuɗi. Za mu ɗauki ƙasar Sandamu ta zama wurin misalinmu, amma abin da za mu faɗa ya shafi kowane gari da kowane ƙauye inda mu ke zaune.

1. Misali daga ƙasar Sandamu

Sandamu ɗaya ce cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, a Jihar Katsina. Sauran su ne Daura, da Baure, da Mai'aduwa, da Zango. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 137,000 a cikinta. Yawancinsu manoma ne da masu kiwo. Garin Sandamu kansa ba shi da nisa da birnin Daura, amma mutumin ƙauye sai ya nemi babur ko mota kafin ya kai asibiti.

Bari mu yi misali da gida ɗaya, gama irinsa suna da yawa. A ce akwai yarinya 'yar shekara 4. Kowace safiya kakarta takan ba ta kuɗin alewa, da rana ta sha zoɓo mai sukari, da dare kuwa ta yi barci da minti a kumatu. Tun tana shekara 2 da rabi wani farin tabo ya fito a haƙoranta na gaba, kusa da dasashi. Ba wanda ya kula. Tabon ya zama ja, ya zama baƙi, haƙorin ya soma marmashewa. Daga baya turame biyu na ƙasa suka yi kogo.

Wata rana da asuba uwar ta ce wa mijinta, "Malam, yarinyar nan ba ta runtsa ba." Kakar ta ce, "Ku bar ta, famfara za ta raba gardama." Ran kasuwa aka kai ta wurin mai magani, ya yi mata turare, ya nuna musu abin da ya ce tsutsa ce, aka biya. Bayan kwana 5 ciwo ya komo. Aka tafi kemis, aka sayo maganin zafi da kafso, aka biya. Ciwo ya lafa, bayan wata guda ya sake tashi, aka sake biya. A karo na huɗu kumatu ya kumbura har ido ya ƙanƙance, ga zazzaɓi. Sa'an nan fa aka nemi babur zuwa Daura, ana tsakiyar damina. Aka biya kuɗin hanya, da na kati, da na allura, da na cire haƙora biyu, da na magani. Uban ya bar gona kwana 3 ciyawa tana cin gero.

To, ku lura. Gidan nan ba su ƙi kashe kuɗi ba. Sun kashe har sau huɗu. Amma sau uku kuɗin bai taɓa tushen ciwon ba, a na huɗu kuwa haƙoran sun riga sun tafi.

2. Me ke ruɓar da haƙori?

Babu tsutsa a cikin haƙori. Mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe suna gaskata zancen tsutsa, har Turawa ma a zamanin da. A shekarar 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna W. D. Miller, wanda ya yi aiki a Jamus, ya bayyana ainihin abin. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Abincinsu sukari ne. In sun ci sukari sai su fitar da tsami, tsamin nan kuwa shi ke narkar da ƙarfin haƙori kaɗan kaɗan, kamar yadda gishiri ke cin gindin katanga.

Kowane lokacin da yaro ya sa abin zaƙi a baki, cikin 'yan mintoci tsami ya tashi. Sai yawu ya yi kamar rabin awa ko awa guda yana wankewa kafin baki ya koma daidai. Yawu yana kuma mayar wa haƙori abin da ya rasa, in an ba shi lokaci. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin kansa ɓarna. Yaron da ya ci alewa 5 gaba ɗaya bayan tuwo, haƙorinsa ya sha tsami sau ɗaya. Wanda ya tsotse su ɗaya ɗaya daga safe zuwa yamma, nasa ya wuni cikin tsami. An gwada wannan a wani asibiti a Vipeholm, ƙasar Suwidin, tsakanin 1945 da 1953. Gwajin nan na rashin tausayi ne, gama an ba marasa lafiya alewa mai danƙo da gangan, ba da yardarsu ba. Amma ya nuna sarai cewa zaƙi mai mannewa tsakanin abinci da abinci shi ne ya fi ruɓar da haƙora.

Da dare yawu yana raguwa. Domin wannan jaririn da ke barci da fida a baki, watau abin da iyayenmu ke kira bulumboti, cike da shayi ko kunu mai sukari, shi ne haƙoransa na gaba ke fara lalacewa.

Cutar nan ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne ke da ruɓewa a haƙoransu na fari. A da kakanninmu ba su san sukari kullum ba, sai rake da zuma da mazarƙwaila a lotonsu. Yanzu kuwa ba ƙauyen da ba a samun mai tebur da biskit da cingam da lemon kwalba.

3. Don me ba za mu jira famfara ba?

Haƙoran yarinta guda 20 ne. Sukan soma fitowa yaro yana wajen wata 6, su cika yana shekara 2 da rabi zuwa 3. Famfara tana somawa wajen shekara 6, da haƙoran gaba. Amma turame ba su faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Ashe yarinyar misalinmu, da aka ce a jira famfara, da sai ta jira shekara 6 ko fiye da ruɓaɓɓen haƙori a baki.

Ga abin da ke faruwa cikin waɗannan shekaru. Yaro mai ciwon haƙori ba ya tauna da kyau, sai ya guje wa nama da wake da ƙuli-ƙuli, ya zaɓi abu mai ruwa mai zaƙi. Ba ya barci sosai, ba ya sa hankali a makaranta. A ƙasar da yara da yawa ke fama da tamowa, wannan ba abin wasa ba ne. Bayan haka, sabon haƙori yana kwance a ƙarƙashin na yarinta. Mugunyar da ta taru a saiwar na sama tana iya ɓata na ƙasa tun bai fito ba. In kuma an cire turmi da wuri, na kusa da shi sukan matso su cike gurbin, sabon ya fito a karkace.

Akwai wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 wasu turame 4 sukan fito can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Waɗannan na girma ne, ba su da madadi. In sun fito cikin baki mai cike da ruɓa, su ma sai su kamu.

4. Magunguna, daga mai araha zuwa mai tsada

Yanzu bari mu jera hanyoyin da likitoci ke bi. Za ku ga cewa duk yadda aka yi jinkiri, haka kuɗi ke hawa.

Hanya ta fari: fuloraid. Wannan wani sinadari ne da ke ƙara wa haƙori ƙarfi, yana cikin yawancin man goge baki na kanti. A 1945 garin Grand Rapids a Amurka ya fara sa shi kaɗan cikin ruwan famfo, ruɓewar haƙoran yara kuwa ta ragu ƙwarai. Da aka tara gwaje-gwaje masu yawa, an ga man goge baki mai fuloraid yana rage ruɓewa da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma wani mai kauri da ma'aikacin lafiya ke shafa wa haƙora sau 2 ko fiye a shekara, yana rage ruɓewar haƙoran yarinta da kamar kashi ɗaya cikin uku. Sa'ad da ciwo ya ke farin tabo kawai, fuloraid yana iya tsai da shi. Amma komi da ma'auninsa. A wurare kamar Langtang da Kaltungo, inda fuloraid ya yi yawa cikin ruwan ƙasa, haƙoran mutane sukan yi dabbare-dabbare. Domin wannan kada yaro ya riƙa haɗiye man.

Hanya ta biyu: ruwan azurfa, wanda likitoci ke kira SDF. Haɗin azurfa ne da fuloraid. A Japan aka gyara shi, a jami'ar Osaka, aka soma aiki da shi wajen 1970. Amurka ta amince da shi a 2014. Ana busar da kogon, a ɗiga maganin da ɗan ƙaramin buroshi, shi ke nan. Babu allura, babu inji, babu wutar lantarki. Ɗigo guda yana isar haƙora kamar 5, kuɗin ɗigon kuwa bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Cikin kogo 10 da aka shafa wa, kamar 8 sukan tsaya, musamman in an maimaita bayan wata 6. Aibinsa shi ne wurin da ya ruɓe yana zama baƙi ƙirin, ba ya kuwa gogewa sai ran famfara. Ba ya cike kogo, ba ya kuma amfani ga haƙorin da ya riga ya tara mugunya.

Hanya ta uku: ciko da hannu, wanda a ke kira ART. A Tanzaniya aka soma shi, cikin shekarun 1980, ta hannun wani likita mutumin Holan mai suna Jo Frencken, domin ƙauyukan da ba lantarki. Ana kankare ruɓar da ƙananan kayan hannu, a cike kogon da wani irin simintin haƙori wanda ke fitar da fuloraid a hankali. In kogon ƙarami ne, a fuska ɗaya ta haƙori, fiye da ciko 9 cikin 10 suna nan bayan shekara 2. In kogon ya ci fuska biyu ko uku, sai kamar 6 cikin 10 ke tsayawa.

Hanya ta huɗu: hular ƙarfe. Wata likita a Sikotland, Norna Hall, ta riƙa kifa wa ruɓaɓɓen turmi hular ƙarfe ba tare da ta haƙe shi ba. Da aka rufe ƙwayoyin cutar, ba su samun sukari, sai ruɓa ta tsaya. Likitocin jami'ar Dundee suka gwada hanyar, suka bi yara har shekara 5. A 2011 suka ba da labari cewa haƙora 3 cikin 100 masu hula ne suka lalace sosai, amma masu ciko na kullum wajen 17 cikin 100. Hular ta fi ciko tsada a ran farko, amma ba safai a ke sake aikin ba.

Hanya ta biyar: cirewa. In ruɓa ta kai jijiya, mugunya ta taru, to sai likita ya wanke cikin saiwar, ko kuwa ya cire haƙorin. Wankin saiwa yana bukatar ƙwararre da zuwa fiye da sau ɗaya, domin haka yawanci cirewa a ke yi. Cirewa tana kawar da ciwo, amma ta bar giɓi.

Hanya ta shida: aiki cikin barci. Yaro ƙarami mai ruɓaɓɓun haƙora da yawa ba ya iya zama a kujera. Sai a ba shi maganin barci a ɗakin tiyata, a yi aikin duka gaba ɗaya. Wannan sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke koyar da likitocin haƙori. Ita ce hanya mafi tsada duka. A Ingila ruɓewar haƙori ita ce kan gaba cikin dalilan kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti. A shekarar 2022 zuwa 2023 an yi irin wannan cirewa ga yara da matasa sau fiye da 30,000, aka kashe fam miliyan 40 da ɗoriya. Abin tausayi kuma, a wasu wuraren da aka bi sawun yaran da aka yi wa aiki cikin barci, fiye da rabinsu sun sake yin sabuwar ruɓa kafin shekara 2. Gama likita ya gyara haƙori, amma bai gyara abin da a ke ci a gida ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid, da ruwan azurfa, da simintin nan na ciko cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Dalili kuwa, suna da araha, kuma ba sai an kai yaro babban birni ba. Ya kamata mu riƙa tambayarsu a asibitocinmu, gama abin da ba a tambaya ba, ba safai a ke kawo shi ba.

5. Bari mu yi lissafi

A Birtaniya an yi wani babban gwaji mai suna FiCTION, aka buga sakamakonsa a 2020. Aka ɗauki yara 1,144 'yan shekara 3 zuwa 7, dukansu da kogo a turmi. Aka raba su kashi uku. Kashi ɗaya aka haƙe ruɓar aka cike. Kashi na biyu aka rufe ruɓar da hula ko siminti. Kashi na uku aka koya musu goge baki da rage zaƙi, aka shafa fuloraid, ba ciko. Aka bi su har wajen shekara 3. Waɗanda suka yi ciwo ko mugunya su ne 42 cikin 100 a kashi na fari, 40 a na biyu, 45 a na uku.

Me wannan ke koya mana? Ba wai ciko banza ne ba. Abin da ya nuna shi ne, in kogo ya riga ya yi zurfi, ko wace hanya aka bi, yara 4 cikin 10 sai sun sha wuya. Ashe babban riba yana wurin hana kogon tun farko.

Ga shaida kuma daga Sikotland. Tun 2001 suka sa yara su riƙa goge baki kowace rana a makarantun rainon yara, malama tana kallo. A wancan lokaci aikin yana cin wajen fam miliyan 1 da dubu 800 a shekara. A shekara ta 8, kuɗin da aka tsira da shi na ciko da cirewa ya ninka wannan sau 2 da rabi.

Jinkiri kuwa, ga abin da ya ke jawowa. A 2007, a jihar Maryland ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 ya mutu domin mugunyar haƙori ta kai ƙwaƙwalwa. Cire haƙorin da dala 80 ne. Jinyar da aka yi masa a asibiti ta ci wajen dala 250,000, duk da haka ba a cece shi ba.

Yanzu mu komo gida. A ce ana ba yaro naira 100 kowace rana ta alewa. A shekara naira 36,500 ke nan. Man goge baki fa? Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 yana bukatar kamar ƙwayar wake ƙarama, watau rubu'in gram, sau 2 a rana. Babban man kanti mai gram 140 zai kai shi kwana 280, fiye da wata 9. Wanda bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar shinkafa ta ishe shi, man nan guda kuwa zai wuce masa shekara. Kowa ya tafi ya tambayi kuɗin man a kasuwarsu, ya gwada da kuɗin alewa. Za ku ga kuɗin rigakafin yana nan cikin gida tun tuni, sai dai wurin mai tebur ya ke tafiya. Gwamnati ma ta lura da ɓarnar sukari, gama a 2022 aka soma karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba.

6. Alamun da ba a jira da su

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku kai yaro asibiti a ranar, ko da dare ne: kumburin fuska da ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa; zazzaɓi tare da ciwon haƙori; kasa buɗe baki; wuyar haɗiya ko wuyar numfashi. Kafso kaɗai ba ya warkar da haƙori. Yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma tushen yana nan sai likita ya taɓa haƙorin.

Kada a sa ruwan batir, ko fetur, ko garin taba, ko asfirin a kan dasashin yaro, gama suna ƙona nama. Kada a sayi maganin fitar haƙori barkatai. A 2008 zuwa 2009 yara 84 suka mutu a Nijeriya saboda wani irin wannan magani da aka haɗa da guba. Farasitamol daidai nauyin yaro ya isa rage zafi kafin a kai ga likita.

Akwai kuma wata cuta dabam da ya kamata mu sani, watau zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona. Ba ruɓewar haƙori ba ce, amma ita ma daga baki mara tsabta ta ke somawa. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi gyambo, yana jini, baki yana wari ƙwarai, kumatu ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki tana iya huda fuska. In ba magani, har 9 cikin 10 sukan mutu. In an kama ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta soma taimakonsa a 2014. A Disamba 2023, bisa ga roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

7. Abin da za mu yi

Sau ɗaya a wata, uwa ta kwantar da yaro a cinya cikin haske, ta ɗaga leɓensa na sama. In ta ga farin tabo kamar alli kusa da dasashi, lokacin zuwa asibiti ke nan, tun magani yana da araha.

A soma goge wa yaro baki ran da haƙorin fari ya fito, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci. Babba ne zai goge masa, ko ya tsaya a kansa, har ya kai shekara 7 ko 8. Ya tofar da kumfar, kada ya kurkure da ruwa. Asawaki yana kawar da dauɗa da kyau a hannun wanda ya iya, kada mu raina shi. Amma ƙaramin yaro bai iya ba, kuma ba ya maye gurbin man mai fuloraid.

A ba jariri nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci. Kada a sa sukari cikin kokon yaron da bai kai shekara 2 ba. Kada ya yi barci da fida. Abin zaƙi, in za a ba da, a ba da shi tare da abinci, ba tsakani ba.

Kakanni, ku ne wannan magana ta fi shafa, gama ƙauna ce ke sa ku ba da kuɗin alewa. Ba mu ce ku daina kyauta ba. Ku sauya ta: dafaffen ƙwai, ko gyaɗa ga wanda ya iya taunawa, ko gwaiba, ko nono.

Abin da aka yi a Sikotland ba ya bukatar inji. Zumuntar mata, da malaman makarantar Lahadi, da malaman firamare suna iya koya wa yara goge baki, kowane yaro da buroshinsa, ba a aro. Mu gaya wa maƙwabtanmu duka abin da muka koya, gama ciwon haƙori ba ya tambayar gidan wa ya shiga.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gidan misalinmu sun kashe kuɗi sau nawa? A wane lokaci ne ƙaramin kuɗi zai ishe su?
2. Don me alewa 5 da aka tsotsa ɗaya ɗaya suka fi 5 da aka ci gaba ɗaya ɓarna?
3. Turamen yarinta a shekara nawa su ke faɗuwa? Me za mu amsa wa mai cewa a jira famfara?
4. Mene ne amfanin ruwan azurfa, mene ne kuma aibinsa? Za ku yarda a shafa wa ɗanku?
5. Ku faɗi alamu 4 da ba a jira da su.
6. Kowa ya lissafa abin da gidansa ke kashewa a kan alewa da lemo a wata guda, ya kawo lissafin ran taro mai zuwa.